Kada Kowa Ya Kira Kafinta

Kafinta ya fito da kalanda ta biyu daga ɗakin Auta, ya jingine ta a bangon tsakar gida kusa da madubi da akwatin littattafai, ya koma ciki da sauri yana neman abin da ya saura.

"Agogon ma zai fita?"

"Agogo ba rubutu ba ne, Baba. Bar shi."

"Akwai lambobi a jikinsa."

"Baba."

Ya ciro agogon duk da haka. Ɗakin ya koma fayau, daga tebur sai kujera sai laftof ɗinta, kamar ranar da suka tare a gidan. Teburin shi ya yi shi da hannunsa, kuma tun asuba ya goge shi sau uku.

Jarrabawar a gida za a yi ta, ƙarfe goma na safiyar wannan Asabar. Wani mai sa ido, can a wata ƙasa, zai zauna yana kallon Auta ta kyamarar laftof har awa ɗaya da rabi. Ba takarda, ba rubutu a bango, ba mai shiga, ba muryar kowa. Intanet kuma kada ya yanke. Aka karya ɗaya daga ciki, mutumin zai rufe jarrabawar daga inda yake zaune, shi ke nan.

Shekara biyu Auta ta yi a gida bayan ta gama makaranta, tana kallon darussa a waya, tana kwance matattun kwamfutoci a kan bencin aikin ubanta tana mayarwa. Satifiket ɗin matakin farko na aikin kwamfuta kashi biyu ne, ta ci na farko a wata cibiya watan jiya. Wani kamfani ya ce ta kawo cikakkiyar shaida ranar Litinin ta fara aiki, in ba ta kawo ba akwai mai jiran gurbin. Cibiyar kuwa ta cika maƙil sai wata mai zuwa. Saura wannan ɗaki, da wannan safiya.

Kafinta bai fahimci rabin abin da take karantawa ba, amma bakinsa ya ƙi rufuwa tun ranar Laraba. Yana feƙe katako yana murmushi shi kaɗai, yana buga ƙusa yana 'yar waƙa. Gabansa kuma bai daina faɗuwa ba. Murnar da fargabar sun haɗu sun hana shi zama wuri ɗaya.

Abu guda Auta ta roƙe shi.

"Kada ka faɗa wa kowa, Baba. In na faɗi, ba na son a cika gida ana yi mini jaje."

Ya yi alkawari, kuma a ganinsa ya cika. Yayansa kaɗai ya faɗa wa, don ba a ɓoye wa babba irin wannan. Sai ƙanwarsa, gwaggon yara, don bakinta yana da albarka. Sai maƙwabcinsu tela, don dole ya tsayar da kekensa mai ƙara. Mai aski kuwa shi ya tambaya, ganin yadda yake ta washe baki a kan kujera. Masu sayar da katako ba a lissafa su, tunda kullum tare ake. Saƙon muryar da ya tura wa zauren dangi na waya ma ai gajere ne: Auta za ta zama injiniyar kwamfuta, ƙarfe goma daidai, a taya su da addu'a.

Goma saura kwata aka ɗauke wuta.

Fankar ɗakin ta yi juyi biyu ta tsaya. 'Yan fitilun akwatin intanet da ke kan taga suka mutu gaba ɗaya. Auta ta tsaya tana kallon akwatin, hannunta a kan baki.

"Laftof ɗin da caji," ta ce a hankali, kamar da kanta take magana. "Intanet ne babu. Layina kuma ba ya ja a gidan nan. Baba, kawo wayarka."

Ya miƙa mata har tana neman suɓucewa. Ta yi 'yan danne-danne don laftof ta ja intanet daga wayar, ta fita tsakar gida tana ɗaga wayar sama tana zagayawa, shi da uwarta suna biye da ita kamar kaji sun ga mai tsaba. A bakin ƙofar kicin kara ɗaya na sabis. A gindin igiyar shanya babu ko ɗaya. Sai daidai saman tagar ɗakinta, ta waje, inda hannunta bai kai sosai ba, nan ya haura uku.

Kafinta ya jawo dogon bencinsa ya haye. Ya karɓi wayar ya miƙe hannu. Kara huɗu.

"Nan," in ji Auta. "Kada ka matsa. Ka ga wannan lamba ɗaya a saman fuskar wayar? Laftof ɗina ke nan. Muddin kana ganinsa ina tare da kai." Ta duba agogon da ke jingine a bango. "Amma wayar nan tsohuwa ce, ba ta iya ɗaukar kira da intanet lokaci ɗaya. Kira na shigowa intanet ɗin zai tsaya. Na kashe ƙarar. Ka ga kira, ka danna ja nan take. Ai ba mai kiranka yau ko? Ka rufe shago."

"Wa zai kira ni?" in ji Kafinta.

Matarsa ta dube shi. Ya mayar da idonsa kan wayar.

Auta ta shige ta ja ƙofa ta murza makulli. Jim kaɗan suka ji muryarta ta taga tana gaisawa da mai sa ido da Turanci, tiryan-tiryan, ba gargada. Suka ji tana juya laftof tana nuna masa kusurwoyin ɗaki. Kafinta ya sunkuyo daga kan benci, hannu a sama, ya raɗa wa matarsa:

"Kin ji ta? Da mutumin waje take magana. Ko numfashi ba ta ja."

"Yi shiru, Malam."

"Ni na raka ta makaranta ranar farko, tana kuka tana riƙe mini wando."

"Na ce ka yi shiru."

Ɗakin ya yi tsit. An fara.

Minti huɗu da farawa wayar ta yi rawa a hannunsa. Mai aski. Ya danna ja da ƙarfi kamar mai kashe kunama. Ɗayan da ke sama ya yi ƙyafta ya tsaya. Kafin ya sauke numfashi, Gwaggo. Ja. Babban mai katako. Ja. Wani ɗan baffansu da rabon da ya kira shi tun bara. Ja. Gwaggo kuma.

Matarsa ta matso gindin benci ta ɗaga kai.

"Mutum nawa ka faɗa wa?"

"Ba yawa."

"Nawa?"

"Addu'a na nema, Maman Auta. Ban ce su kira ba."

"Baki shi ke yanka wuya," ta ce cikin raɗa. "Faɗo mini su."

Ya riƙa jero su, tana ƙirgawa da yatsu har yatsun suka ƙare ta bari. Ta ɗauki tata wayar ta fita ƙofar gida, ta shiga kiransu ɗaya bayan ɗaya. Tsoron kada muryarta ta kai taga ya sa ko a wajen ma raɗa take yi. Ba ta da lokacin bayani, kowa jimla biyu yake samu: lafiya lau, kada dai a kira shi. Sai ta katse ta nemi na gaba.

Kiran ya ɗan lafa. Kafinta ya sauya hannu a hankali, sabis ya sauka kara biyu ya koma huɗu. Ya dubi bangon da ke gabansa. Ƙusa biyu da guntun katako, da ya kafa wa wayar nan kanta cikin minti uku. Ga guduma can a kan buhun kayan aiki tana kallonsa, ga ƙusoshi a aljihun rigarsa. Shekara talatin yana kafa wa mutane kanta, yau da ya fi bukatar guda ɗaya ba halin ya buga.

Sai sunan Yaya ya fito a fuskar wayar.

Yaya ne ya riƙe shi bayan rasuwar mahaifinsu, shi ya kai shi koyon sana'a, shi ya nema masa aure. Tsohon hedimasta ne, har yanzu in yana magana ba a katse shi. Tunda Kafinta ya mallaki waya bai taɓa barin kiran Yaya ya yi ƙara uku ba, ko yana saman rufi ne. Yatsansa ya tsaya a iska. Ya rufe ido ya danna ja.

Yaya ya sake kira. Ja. Ya sake. A karo na ukun yatsan ya zame saboda gumi, sai da ya danna sau biyu, kuma da ya duba sama ɗayan nan ya ɓace.

Ya ɗaga wayar har yana tsayawa a kan yatsun ƙafa. A cikin ɗaki kujera ta yi ƙara. Ya ƙirga a zuciyarsa, ya kai goma sha ɗaya, sannan ɗayan ya dawo wurinsa kamar bai je ko'ina ba. Muryar wani namiji ta fito daga laftof, a taƙaice, ba wasa a cikinta. Auta ta amsa da ƙaramar murya. Turancin Kafinta na firamare ne, amma ya ishe shi gane ban haƙuri, ya kuma gane gargaɗin ƙarshe.

Ya yafito matarsa da ƙafa.

"Yaya," ya raɗa. "Kira Yaya. Ki roƙe shi."

"Na kira. Ya ce ba da ni zai yi magana ba, ya kashe."

Abin da ba su lissafa ba shi ne, mace ta kira ka tana raɗa ta ce kada ka kira mijinta, sannan ta katse, ba wanda zai ji haka ya ci gaba da zamansa. Tela ne ya fara leƙowa, tef a wuya, tunda dama an hana shi aiki. Ya ga maƙwabcinsa a kan benci hannu a sama kamar ɗan makarantar da ya yi laifi, ya buɗe baki, Maman Auta ta ɗora yatsa a leɓe ta nuna taga. Ya rufe bakin ya zauna a kan akwatin littattafai. Bayansa mai aski ya shigo da almakashi a aljihu, sai biyu daga masu katako. Kowa aka tare shi a ƙofa da yatsa a leɓe, aka cire masa takalmi, aka nuna masa wurin zama.

Gwaggo ce matsalar. Tunda aka haife ta ba ta taɓa yin raɗa ba. Ta faɗo gidan mayafi a hannu, tana haki.

"Ina yake? Me ya..."

Hannu uku suka rufe mata baki lokaci guda. Maman Auta ta ja ta can bayan kicin ta yi mata bayani a kunne. Gwaggo ta dawo ta tsaya gaban yayanta, ta dube shi daga ƙafa har wayar, kafaɗunta suka fara rawa. Ta cusa gefen mayafi a baki. Tela ya ga haka ya kifa fuska a gwiwa. Mai aski ya juya ya fuskanci bango, bayansa yana girgiza. Dariyar da aka hana fita ta zagaye tsakar gidan, in ta lafa a nan sai ta tashi a can, mutane suna share hawaye ba mai ko tari. Kafinta ya harare su, sai ga shi shi ma leɓensa yana rawa, dole ya ciji hannun rigarsa.

Daga can bakin layi aka jiyo ƙarar tsohon babur ɗin Yaya, wanda duk unguwar ta san shi da tari kamar mai asma. Tela ya zabura ya fita ba takalmi. Ƙarar ta mutu tun daga nesa. Bayan ɗan lokaci Yaya ya shigo a ƙafa, fuska a murtuke, tela na biye da shi yana tura babur ɗin yana yi masa bayani da hannu ɗaya.

Yaya ya tako har gindin benci. Ya ɗaga kai ya dubi ƙaninsa ta saman tabarau.

"Ni ka katse wa waya," ya ce, a hankali ƙwarai. "Sau uku."

"Yaya, jarrabawa ce. Kira yana yanke mata..."

"An faɗa mini. Wa ke sa ido?"

"Wani ne a cikin kwamfuta."

"A nan waje nake nufi."

Yaya ya juya ya ƙare wa tsakar gidan kallo: mutum shida a zazzaune ba tsari, wasu da waya a hannu, wata da mayafi a baki. Fuskarsa ta sauya. Shekara talatin da biyar ya yi yana tsaron ɗakin jarrabawa, kuma tunda ya yi ritaya ba wanda ya sake ba shi ko ɗaya. Ya ɗauki bokitin wanki, ya bi su ɗaya bayan ɗaya, kowa ya kashe wayarsa ya saka a ciki. Ya raba tela da mai aski don sun fiye haɗa ido. Ya tura ɗaya daga masu katako ƙofar gida ya zama mai gadi. Ya ɗauki agogon bangon ya jingine shi inda kowa zai gani. Sannan ya goya hannu a baya ya fara zagaye a hankali, yana kallon kowa kamar ya ɓoye takarda a hula.

Saura minti talatin da biyar.

Hannun Kafinta ya daina zama nasa. Na dama ya mutu, ya koma na hagu, na hagun ma ya bi sahu. Gumi yana bin gwiwar hannunsa yana ɗiga a kan benci. Mai aski ya yi masa alamar ya kawo ya karɓe shi, ya girgiza kai. Shi aka ba. Kuma duk sanda wayar ta gusa ko da faɗin yatsa ne sai sabis ya ragu.

Yana cikin kallon ɗayan nan sai ya lura da wani abu kusa da shi ya koma ja. Batir. Saura tara cikin ɗari, kuma yana kallo ya koma takwas.

Ya kaɗa ƙafa har Yaya ya zo. Yaya ya gyara tabarau ya duba, ya juya ga jama'a ya nuna wayar, ya kwatanta abu yana ƙarewa da yatsu biyu. Tela ya gane. Ya fita a guje a kan yatsun ƙafa ya dawo da fawa-bankinsa, ɗan batirin da yake cajin waya da shi in ba wuta. Igiyarsa ba ta fi taƙi ɗaya ba. Dole wani ya tsaya kusa ya riƙe shi a sama.

Yaya ya nuna Gwaggo. Ta nuna ƙirjinta tana tambaya da ido. Ya gyaɗa kai. Aka kife mata turmi ta hau, tela ya riƙe turmin, ta ɗaga batirin sama da hannu biyu, mayafin har yanzu a bakinta. Alamar caji ta fito. Maman Auta ta zame ta zauna a ƙasa ta rufe fuska, ba a san ko dariya take ko addu'a ba.

Saura minti goma hannun Kafinta ya fara karkarwa sosai, wayar tana lilo, kara huɗu ya koma uku, ya koma biyu. Ya cije haƙori. Sai ya ji benci ya motsa. Yaya ne ya tattare babbar rigarsa ya hau, da shekarunsa da ciwon gwiwarsa, ya sa tafin hannu ya tallafe gwiwar hannun ƙaninsa. Sabis ya koma huɗu.

"Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka," in ji Yaya a kunnensa. "Amma maganar katse wayar nan ba ta wuce ba."

"Na sani, Yaya."

"Tsaya da kyau."

A haka wani kira ya shigo, baƙuwar lamba. Kafinta ya umarci yatsansa ya motsa, yatsan ya ƙi. Yaya ya miƙa ɗayan hannunsa ya danna ja, tsaf, sau ɗaya. Ya dubi yatsan nasa.

"Ashe da daɗi," ya raɗa.

Agogo ya nuna sha ɗaya da rabi. Ba abin da ya faru. Da minti biyu. Da minti biyar. Ba wanda ya motsa, sai idanu da ke zirga-zirga tsakanin agogo da ƙofa. Kafinta ya fara tunanin ko tun ɗazu aka rufe jarrabawar, yarinyar tana zaune a ciki ta kasa fitowa ta faɗa.

Makulli ya juya.

Auta ta fito tana murza ido saboda hasken rana. Ta tsaya cak a bakin ƙofa. Ta dubi gwaggonta a kan turmi, da tela a durƙushe yana riƙe da turmin, da baffanta da ubanta a kan benci ɗaya hannuwa a sama, da mai aski, da masu katako, da bokiti cike da wayoyi.

"Baba," ta ce, "ka ce ba ka faɗa wa kowa ba."

Yaya ya yi gyaran murya kaɗan.

"Sakamako fa?" ya tambaya, har yanzu ƙasa-ƙasa.

Ta dubi ƙasa, sannan murmushi ya suɓuce mata.

"Na ci. Har da rara."

Gwaggo ta tofar da mayafin. Muryar da ta tara ta awa guda ta fito gaba ɗaya, har tantabarun maƙwabta suka tashi. Ta diro daga turmi ta rungume Auta tana juyi da ita. Tela ya kama mai aski suna tsalle kamar yara, masu katako suna buga bayan juna. Maman Auta tana kuka tana dariya tana faɗin ita dama ta sani, ita dama ta sani. Yaya ya sauko da ƙyar, ya gyara riga, ya ce a duk ɗakunan da ya tsare bai taɓa samun waɗanda suka faɗi da yawa ba.

Sai da hayaniyar ta ɗan lafa Auta ta waiga ta ga ubanta yana nan a kan benci, hannu a sama.

"In sauke?" ya tambaya.

"Sauke, Baba. An gama."

Ya gwada. Hannun ya sauko rabi ya tsaya, kamar reshen da ya bushe. Mai aski da tela suka sauko da shi suka zaunar a bencin, mai aski ya shiga murza masa kafaɗa. Auta ta zare wayar daga yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ta duba jerin kiran da aka katse, ta yi ta ja da yatsa ba su ƙare ba.

"Ashirin da shida," ta ce. "Baba, da ka gaya mini gaskiya, da na karkatar da kiran duka zuwa wayar Umma kafin in shiga. Danna uku ne. Ko girgiza wayarka ba za ta yi ba."

"Ana iya haka?"

"Yana cikin abin da na karanta."

"To ai ga amfanin karatun," in ji Maman Auta. "Saura a samo wanda zai karkatar da bakin ubanki."

Aka sake fashewa. Kafinta ma ya yi dariya, kansa a ƙasa.

Yaya ya zauna a kan akwatin littattafai, ya kira Auta da hannu.

"Zo nan, injiniya. Ubanki ya cika mana kunne, amma ya kasa faɗa mini aikin. Ranar Litinin in kin je, me za ki riƙa yi takamaimai?"

"Ba injiniya ba ce tukuna, Baffa. Teburin taimako ne, nan kowa yake farawa. In kwamfutar wani ma'aikaci ta ƙi tashi, ko ya manta lambar sirrinsa, ko firinta ta ƙi fitar da takarda, sai ya kira. Ni kuma in ɗauka."

"Ki ɗauki me?"

"Waya. Daga safe har yamma. An ce kada kira ya yi ƙara uku ban ɗauka ba."

Yaya ya cire tabarau ya dubi ƙaninsa, ya daɗe yana kallonsa.

"Ka ji," ya ce. "Aikin ladabi ne. Ba gadonka ta yi ba."

Wayar ta yi rawa a hannun Auta. Kafinta ya zabura, ya kai hannu zai danna, hannun bai tashi ba. Ya dubi 'yarsa.

"Ɗan baffanku ne," ta ce. "Ɗauka mana, Baba. Yanzu ba komai."

Ta danna kore da kanta, ta durƙusa kusa da shi ta kara masa wayar a kunne ta riƙe. Daga can aka jiyo murya tana tambaya ko lafiya, tun ɗazu ana ta nema, yaya jarrabawar yarinya.

Kafinta ya buɗe baki. Ya dubi hannun da ke riƙe da wayar.

"Ta ci," ya ce.

"Me ka ce? Ɗaga murya, ba na jin ka. Me ya sa kake raɗa?"

Ya sake gwadawa, muryar ta ƙi fitowa. Auta ta ɗauke wayar daga kunnensa ta mayar nata.

"Ina kwana, Baffa," ta ce. "Auta ce. Faɗa mini, ina jin ka."